Yadda Na Shayar Da Ƙaguwar Malam

Tun ranar da muka dawo ba ku bar ni na huta ba. In na je cefane a High Point Road a tare ni, in na ɗaga tarho Hajiya Binta ce: "Hadiza, wai da gaske ƙaguwa kuka je ɗaukowa har Kanada?" Jiya ma a gidan suna tsare ni aka yi a kicin, ludayi a hannu. To ga shi na zauna na rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita, don bakina ya gaji. Kuma abin da ake ta raɗawa cewa na yi ɓarna a hanya gaskiya ne. Ni da kaina zan faɗa, ba sai an ƙara masa gishiri ba.

Malam, wato Baban Nana, shekararsa huɗu a jami'a nan Greensboro yana nazarin yadda dabbobin ruwan sanyi ke numfashi idan ruwa ya ɗumama. Aikinsa na ƙarshe ya tsaya a kan wata halitta da ake kira ƙaguwar ƙanƙara, wadda ke zaune can ƙasan tekun arewa, cikin ruwan da saura ƙiris ya daskare. Farfesansa ya ce sai an kawo masu rai, aƙalla goma sha biyu, a sa su a ɗakin sanyi, a riƙa ɗumama ruwan kaɗan-kaɗan ana auna numfashinsu. Bara an aiko musu ta jirgin sama, aka bar akwatin a rana, suka iso a mace. Lokacin kamun kuwa 'yan makonni ne a shekara, kuma daga gida an rubuto cewa ƙarshen bana karatu ya ƙare, ko an gama ko ba a gama ba. Wato in ba a shigo da goma sha biyun nan da rai ba, mu tattara mu koma gida hannu rabbana, shekara huɗu ta tafi a banza.

Abin da ya jefa ni ciki, Malam bai iya mota ba. Mutumin da ya haddace sunan kowane ƙwaro da yaren Latin, sau biyu yana faɗuwa gwajin lasin, na biyun ma mai gwajin ne ya roƙe shi ya tsaya ya sauka. Ni ce direban gidanmu. Muka kai Nana wajen Hajiya Binta, muka kwantar da kujerun bayan tsohuwar motarmu, muka ɗora manyan kuloli biyu na jami'a, kowace ta kai akwatin lefe girma. Da na tambayi Nana tsarabar da take so, sai ta amsa mini da Turanci wai ƙaramar ƙaguwa, za ta sa mata suna. Na ce Allah ya shirye ki.

Kwana uku muka yi a hanya, ina tuƙi, Malam na riƙe da taswira. Tun daga gida ya rantse ba za mu shiga New York ba, zagaye ta za mu yi. Rana ta biyu sai ga mu tsundum a New York ɗin, a kan wata gada mai hawa biyu, motoci ta ko'ina, ana ta danna mini hon kamar na yi sata.

"Malam, wannan ne zagayen?"

"Taswirar ce tsohuwa."

"Taswirar da ka saya shekaranjiya?"

Ya gyara tabarau, ya ce in dubi gabana. Na dubi gabana har Allah ya fitar da mu, amma zufar da na yi a gadar nan ta isa wanki.

Dambun nama da soyayyar kaza na ƙunsa mana, su muka riƙa ci a wuraren hutawa na bakin hanya, mu shimfiɗa darduma a kan ciyawa mu yi salla. Kwana kuwa a masaukin matafiya da suke kira motel, inda mutum ke faka mota a ƙofar ɗakinsa. Ba mai ce maka sannu da zuwa, balle a kawo maka ruwa. Makulli kawai za a miƙo maka. Amma a bakin baranda akwai wani inji mai aman ƙanƙara, kowa ya ɗiba son ransa, ba mai tambaya. Na daɗe tsaye ina kallonsa, ina tuna yadda ake kokawar ƙanƙara a gida lokacin azumi.

Bayan jihar Maine, wadda ba komai cikinta sai itatuwa, muka isa iyakar Kanada. Fasfo da biza lafiya lau. Sai ɗan kwastan ya sa hannu a jakar abincina, ya zaro gwangwanin da na zuba daddawa, ya buɗe, ya kai hanci. Wallahi sai da ya ja da baya taku biyu. Ya ce mene ne wannan. Maimakon Malam ya ce kayan miya ne a wuce wurin, sai ya fara ba shi tarihin itacen ɗorawa da sunansa na Latin. Mutumin ya kira abokin aikinsa ya zo ya shinshina, shi ma ya kira wani. Na ce wa Malam da Hausa, in sun gama sha'awa su ba ni abina, in kuma so suke in gutsura musu. A ƙarshe ya miƙo mini yana riƙe da shi nesa da jikinsa, ya ce mu sauka lafiya.

Garin da muka nufa ɗan ƙarami ne a bakin teku, arewacin New Brunswick, kuma ashe Faransanci suke yi. Na ce da mun sani da mun ɗauko Madam Zainabu ta Nijar ta yi mana tafinta. Wanda farfesa ya haɗa mu da shi wani dattijo ne masunci, sunansa Remi, gajere, hannuwansa kamar turmi, Turancinsa kuma a karye kamar nawa, don haka muka fi fahimtar juna da shi fiye da Malam. Matarsa Odet tana aiki a kamfanin da ake dafa ƙaguwa a daskarar. Su kam mutane ne. Ɗakinsu suka ba mu, suka koma na 'yarsu da ta yi aure. Watan Yuni ne fa, amma sai da Odet ta ara mini rigar sanyin mijinta na ɗora a kan atamfa. Rana kuma ba ta da niyyar faɗuwa, na yi ta leƙa taga ina jiran magariba har na gaji.

Da yamma Odet ta shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan tebur, ta juye tulin ƙafafuwan ƙaguwa a kai, ba faranti ba cokali, sai ɗan kwano na narkakken man shanu. Malam ya riga ya tambayi malamai tun a Greensboro, an ce masa abin teku halal ne. Amma ni 'yar Yauri ce, 'yar Sarkawa, cikin kifi aka haife ni, kuma a gidanmu ƙaguwa abin wasan yara ce a bakin kogi, ba ta shiga tukunya. Na yi ta juya ƙafa ɗaya a hannu, tsawonta ya kusa kamu. Remi ya karɓa, ya karya ta ƙas, ya zaro farin nama dogo ya miƙo mini. Na yi bisimilla na rufe ido. Kai, jama'a! Zaƙi gare ta. Na tashi na ɗauko yajina na barbaɗa. Remi ya dangwala, ya yi tari har da hawaye, ya sha ruwa, ya sake miƙo hannu.

Washegari bayan asuba muka shiga jirginsa. Kafin mu bar bakin gaɓa da nisa Malam ya canza kala. Bakano ne, ruwan da ya sani ya tsaya a na kududdufi. Ya rungume wani bokiti, bai sake shi ba har muka dawo. Ni kuwa ko a jikina. Na ɗaure ɗankwali tamau na tsaya kusa da Remi da abokin aikinsa ina kallo.

Abin da suke kamun da shi kamar gurarmu ce ta Yauri, sai dai ta ƙarfe ce da raga, babba, ana ɗaura mataccen kifi a ciki a sake ta ƙasan teku da doguwar igiya. Inji ke jawo ta sama. Da an buɗe gindinta sai ƙaguwa ta zubo a kan tebur, jiki ɗan kewaye kamar faifai, ƙafafu dogaye suna ta motsi a hankali kamar masu jin barci. Sai tsinta. Remi ya nuna mini sau ɗaya: ka juya ta, in cikinta faffaɗa ne mace ce, a mayar da ita ruwa, sau da yawa ma za ka ga ƙwai cunkushe a ƙarƙashinta. In namiji ne ƙarami, a mayar. In ka danna ɓawon ka ji taushi, bai daɗe da saɓa ba, ba nama a cikinsa, shi ma a mayar. Manyan maza masu taurin ɓawo kaɗai ake ɗauka. Kafin gura ta uku na fi abokin aikinsa sauri. Remi ya yi dariya ya leƙa wajen Malam ya ce ya bar masa ni, shi ya koma da bokitin. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

Muna aiki yana ba ni labari. Ya ce zamanin ubansa wani farin kifi suke kamawa, ƙaguwar nan kuwa ƙazanta ce a wurinsu, tana sarƙe musu raga, tattake ta suke yi su watsar. Yanzu ita ke ciyar da garin gaba ɗaya. Ya kama hannuna ya ɗora a kan ƙarfen gurar da ta fito yanzu, sanyin ya ratsa ni har haƙori. Ya ce haka yake son ji. Shekarar da ƙarfen ya fito ba ya cizon hannu, gabansa faɗuwa yake yi, don 'ya'yan ƙaguwa a wuri mafi sanyi suke ɓuya, inda manyan kifaye ba sa son shiga. In wurin ya ɗumama ko kaɗan, kifi ya shiga ya cinye su, bayan 'yan shekaru a jawo gura a ga wayam. Ya ce shi ya sa ya yarda ya taimaki Malam, yana so wani ya gaya masa iyakar ɗumin da abar nan za ta iya ɗauka. Na tuna Babanmu, yadda yake cewa tun da aka datse kogi a Kainji kifi ya sauya hali, wanda suka sani ya ɓace, wanda ba su sani ba ya zo. Na gaya wa Remi, ya daɗe yana gyaɗa kai.

Nan ne aka yi kuskuren farko, kuma ba ni na yi shi ba. Da muka sauka, Odet ta ja ni mu je in ga wurin aikinta, mata reras cikin sanyi da ruwa, suna ta ɓare ƙafafu suna hira kamar masu banda a garinmu. Kafin mu dawo maza sun gama shirya kuloli: ƙaguwa goma a kowace, ashirin ke nan, da wata jarka ta ruwa a gefe. Duk bayanin da Remi ya yi na yadda ake riƙe su, wa Malam ya yi. Ni abin da Malam ya gaya mini kawai shi ne, "Sanyi, Hadiza. Kada zafi ya taɓa su." Mutumin da ya tsaya yi wa ɗan kwastan lacca a kan daddawa, matarsa kalma bakwai ta samu.

Da sassafe muka yi sallama. Odet ta rungume ni, na bar mata sauran yajin. A iyakar Amurka wani ɗan kwastan ya buɗe kula ɗaya, ya bar ta a buɗe, ya koma yana karanta takardun Malam layi-layi, rana na dukan ƙaguwa. Na yi haƙuri, na yi haƙuri, sai na fito na rufe murfin da kaina na ce masa, "Karanta a hankali, amma abin nan a rufe." Malam ya zaro ido. Mutumin ya dube ni, ya dubi kular, ya buga hatimi. Muka kwana a wani motel a Maine, ashirin ɗinmu cif suna motsi.

Da safe Malam ya ce zai je ya mayar da makulli, ya kuma buga wa farfesa waya a akwatin tarho na tsallaken titi. Na zauna jira, sai na ce bari in leƙa su. Na buɗe kula ta farko. Suna kwance a kan jiƙaƙƙen buhu, ƙanƙara na ƙasa a ƙulle cikin leda, ba ruwa ko ɗigo, bakin kowace na fitar da kumfa. Tausayi ya kama ni. Dabbar ruwa, kwana guda cur ba ruwa! Innarmu tarwaɗa mai rai take sayarwa a kasuwar Yauri, kuma tun ina 'yar ƙarama aikina ne kowace safiya in zubar da ruwan daro in zuba musu sabo daga rijiya. Wadda ba a sauya wa ruwa ba kafin azahar ta juya ciki sama. Na ce a raina, waɗannan maza da iliminsu, ko ruwa ba su san a ba dabba ba. Jarkar Remi kuwa na ga ba za ta kai ko'ina ba, na bar ta. Na ɗauki bokitin ɗaki, na tara ruwan famfo, na je injin baranda na cika shi da ƙanƙara, don Malam ya ce sanyi. Na toshe 'yar ƙofar fitar ruwa da ke gindin kular, na yi ta jido ina zubawa har ruwa ya rufe su. Suka fara motsi da ƙarfi, na ce alhamdu lillahi, sun farfaɗo. Na tsaya na gyara kayanmu, na share motar, sannan na koma ɗebo na kula ta biyu.

Ina dawowa da bokiti na tarar da Malam tsaye a bayan mota.

"Malam, ka ga yadda suka ji daɗi? Ƙishirwa ce ke damunsu."

"Wane ruwa ne wannan?"

"Na famfo mana. Har ƙanƙara na sa."

"Tun yaushe?"

"Tun fitarka."

Ya durƙusa ya fizge toshiyar, ya karkata kular, ruwa ya malale a ƙasa. Ya ɗauko jarkar Remi, ya riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya yana zuba musu a baki da ƙarƙashin ɓawo. Wata ya ɗaga, ƙafarta biyu suka zube a hannunsa. Sai da ya gama, bai ɗago ba, ya ce, "Ruwan teku ne a jarkar. Jininsu da gishiri yake. Ruwan daɗi guba ne a wurinsu." Ashe motsin da na gani ba na jin daɗi ba ne.

Duk da haka bakina bai mutu ba, kun san hali. Na ce, "To da ka gaya mini! Ina zan sani? A Yauri ruwa ruwa ne." Ya dube ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zagaya ya shiga mota ya ɗora taswira a cinya.

Daga nan Malam bai sake yi mini magana ba sai "dama", "hagu", "tsaya". Duk bayan awa biyu mu tsaya a gidan mai, ya sauya ƙanƙara, ya yayyafa musu ragowar ruwan teku, wanda yanzu ya zama sai a yi tattali, ya taɓa bakin kowace da tsinke ya ga ko za ta motsa. Wadda ba ta motsa ba ya sa ta a leda ya ajiye gefe. Ba ya gaya mini adadi, ta madubi nake ƙirga ledojin. Kafin la'asar uku. Kafin mu sauka a Pennsylvania biyar, duk daga kular da na taɓa. Ya miƙo mini burodi na ce na ƙoshi. Ruwa ma na kasa sha. In na kai kofi baki sai in ga bokitin nan, in ajiye kofin.

Washegari ta shida ta tafi. Sannan ya buɗe ɗaya kular, wadda ban taɓa ba, ya tarar ɗaya ta mutu don kanta. Tara ke nan a can, huɗu a tawa, kuma huɗun ma sai an daɗe ana tsokana kafin su motsa. Na yi lissafi ina tuƙi: dole uku cikin huɗun nan su kai Greensboro, in ba haka ba ni ce na mayar da mu gida. Na riƙa ganin fuskar surukata a Kano, wadda kowace wasiƙarta ke ƙarewa da tambayar yaushe za a kira ɗanta dakta. Na yi kuka a Maryland, ba sauti, hawaye na sauka a kan sitiyari. Malam na kallon taga.

Muna shiga Virginia zafi ya taso, irin na nan mai ɗanko, iyakwandishan ɗin motar kuwa ya shekara da mutuwa. Rana ta taga tana dukan kuloli kai tsaye. A gidan mai na gaba ban tambayi kowa ba, na buɗe akwatina na kwaso zannuwana duka, har da sabon leshin da na tafi da shi ko za a shiga mutane, na jiƙa su sharkaf na lulluɓe kulolin kamar yadda masu sayar da ƙanƙara ke yi da buhu a gida. Sauran na rataya a tagogin baya. Malam ya tsaya yana kallo, ya taɓa ya tabbatar ruwan ba zai shiga ciki ba, ya kama mini gefe ɗaya muka ja. Motar ta koma kamar shanya. Wani yaro a motar da ta wuce mu har ɗaga mana hannu ya yi. Na taka mota yadda ban taɓa takawa ba, ina salati, ina duba madubi ko ɗan sanda zai biyo mu.

Da la'asar sakaliya muka shigo Greensboro. Ban bi ta gida ba, kai tsaye jami'a. Farfesan na jiranmu a ƙofa, wani dogon tsoho da gajeren wando. Ya dubi motar da zannuwa, bai tambaya ba. Suka kinkimi kulolin zuwa ɗakin sanyi, na bi su ba wanda ya gayyace ni. Ciki akwai manyan tankunan gilashi da ruwan gishirin da suka haɗa tun kafin mu tafi. Suka fara da kula mai lafiya. Ɗaya bayan ɗaya suna saka su, kowace ta nutse, ta ɗan kwanta, ta miƙe ƙafafu ta fara tafiyarta a karkace. Tara.

Sai tawa. Ta farko ta motsa tun a hannun Malam. Goma. Ta biyu ta kai ƙasa, ta jawo ƙafa ɗaya, ta jawo ta biyu. Sha ɗaya. Sauran biyun suka sauka kamar duwatsu, ɗaya ma a rigingine, suka tsaya yadda suka faɗi. Farfesa ya sa sanda ya juya ta, ya dubi agogo, ya ce a ba su lokaci.

Ban san tsawon lokacin da muka tsaya ba. Ina sanye da 'yar rigar atamfa, haƙorana na kaɗawa, amma ko an ce in fita ba zan fita ba. Na manna goshi a gilashi. Ba addu'ar da ban yi ba, har wadda Innarmu ke yi in Baba ya daɗe a ruwa. Ni Hadiza, ina roƙon Allah ya raya ƙaguwa. Farfesa ya ciro wadda ta faɗi a rigingine, ya duba, ya girgiza kai, ya ajiye ta a tire. Saura ɗaya, wadda ƙafarta biyu suka zube a Maine.

Sai na ga wani abu ɗan mitsitsi a bakinta ya kaɗa. Na ɗauka idona ne. Ya sake kaɗawa, yashin da ke gabanta ya ɗan tashi.

"Malam," na ce. "Malam!"

Ya matso ya cire tabarau ya goge ya mayar. Muna kallo ta ɗaga jikinta a kan ƙafafun da suka rage mata, ta yi taku ɗaya a karkace, ta tsaya ta huta. Farfesa ya rubuta wani abu a takarda, ya dafa kafaɗar Malam ya ce gobe da safe za a fara aiki.

Ni ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba. Malam ya fita, na ji ƙarar famfo a waje, ya dawo da kofin roba cike da ruwa. Ya durƙusa a gabana, a gaban farfesansa, abin da bai taɓa yi ba.

"Laifina ne da ban gaya miki ba," ya ce. "Karɓi. Tun Maine ban ga kin sha ba."

Ashe yana kallo. Na karɓa da hannu biyu na shanye tas, na miƙa masa kofin na ce ya ƙaro.